Guɗar da Aka Kashe a Gonar Shinkafa

Ni Larai, mai kai wa manoman fadama ɗanwake, ba na cikin masu gani su ce ba su gani ba. Abin da aka yi wa Goggo 'Yar'azumi a kan idona aka yi shi, don katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a nan Haɗeja. Har yau in na tuna sai dariya ta taso mini, kafin ta iso baki ta koma takaici. Zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Goggo 'Yar'azumi mai guɗa ce. Ba irin guɗar 'yan matan yanzu ba, da za su kama hanci su yi ƙiƙi-ƙiƙi kamar an taka wutsiyar mage. In Goggo ta dafe hanci ta rangaɗa, na bakin gada ma tsayawa yake ya ce an fito da amarya a unguwarmu. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune a gidan ɗan wanta Muttaka da matarsa Ummussalma. Ita ta goyi Jannatu, ƙanwar Muttaka, tun tana cikin zani. Buri ɗaya gare ta a duniya, kuma har awakin layinmu sun san shi: ranar da za a fitar da Jannatu daga gidan nan, ita za ta yi mata guɗa.

"Wadda nake yi wa 'ya'yan mutane ai saura ce," in ji ta. "Ta Jannatu a ajiye take, ko taɓa ta ban yi ba."

To, shekarar nan da man fetur ya fi ƙarfin talaka, Muttaka ya yi noman rani a fadama. Injin ban-ruwa yana shan mai, taki ya yi tashin gwauron zabo, shi kuwa bawan Allah ya rame ya yi baƙi, kullum da tsinken ashana a kunne, wai kunnen ƙara yake masa ba dare ba rana. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kai shinkafar ta fitar da kai. Ƙwayar tana fara yin nono, sai ga jan-baki. Wanda bai san jan-baki ba bai san bala'i ba. 'Yan mitsi-mitsin tsuntsaye ne, a cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, suke kwana, amma in suka taso sai su rufe rana, in suka sauka a gona kuwa sai dai mai gona ya kwashi kara. Da can ana ɗaukar masu kora da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bana suka ce sai da lada mai tsoka da abinci sau biyu. Muttaka ya ce ba shi da shi. Shi kaɗai yake zagaye gona yana ihu yana jifa, ya kori na gabas na yamma su sauka.

Ranar wata Talata na ɗauki robar ɗanwakena zan tafi fadama, Goggo ta ce in jira ta, za ta kai wa Muttaka fura. Muna isa muka tarar da shi zaune a bakin kunya ya yi tagumi, jan-baki suna walima a gabansa. Ko kofin furar bai karɓa ba wayarsa ta yi ƙara. Daga Kafin Hausa ne, dangin Nu'uman, malamin makarantar da shi da Jannatu suka daɗe suna son juna. Sun amince da ranar da aka ba su, mako bakwai masu zuwa.

Goggo ta dire ƙwarya, ta gyara ɗaurin zani, ta dafe hanci.

"Ayyururui! Yururui!"

Tirƙashi! Wallahi ƙasa sai da ta amsa. Jan-bakin nan suka tashi fuu a lokaci ɗaya, na gonar Muttaka da na gonaki huɗu da ke maƙwabtaka, suka yi sama suka nufi kacala ko waiwaye babu. Wani mai ban-ruwa ya saki tiyo ya faɗa cikin kwata. Ni kuwa dariya har da riƙe ciki, hawaye shaɓe-shaɓe.

Muttaka bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali, ya dubi sama, ya dubi Goggo, ya sake duban sama. Idonsa ya yi wani ƙyalli da ban so ba.

"Goggo," in ji shi, "don Allah ƙara."

Kashegari ana sallame Asuba na ji mashin a ƙofar gidansu. Goggo ta fito da mayafinta na zuwa biki, ta hau baya tana ta washe baki. Kafin hantsi Muttaka ya kafa mata rumfa a tsakiyar gona, mai tsayi, da tsani da tabarma da buta. Aiki ɗaya ne: duk sanda baƙin girgijen nan ya taso daga kogi, ta rangaɗa.

Kai, kwanakin farko an sha shagali a fadama! Mutane suka riƙa barin aikinsu suna zuwa kallo. Aka sa mata suna Jirgin Muttaka, wai ta fi jirgin feshin da ake ta cewa za a turo. In ta yi guɗa manoma su amsa da "Allah ya ba da zaman lafiya!" kamar da gaske amarya ake rakawa. Wani tsoho ya ce shi a shirye yake, in jan-baki ne angwaye to a ba shi waliccin. Goggo ma daɗi take ji, har da 'yar rausaya a kan rumfa. Ba zan ɓoye nawa ba: ɗanwakena kafin azahar yake ƙarewa saboda 'yan kallo, har mudu biyu na ƙara. Na ci ribar maƙogwaron baiwar Allah nan, Allah ya yafe mini.

Maƙwabtan gona suka fara bin Muttaka da 'yan ihsani. Wannan ya kawo tarwaɗa, wancan ya kawo ƙoƙon albasa, wai a ɗan matsar da rumfar ta ɓangarensu, ko a ce Goggo ta riƙa juyo da fuska ta wajensu. Muttaka ya karɓa, ya matsar. Gidan da aka yi wata uku ba a ga nama ba sai ga ƙamshin miyar kifi yana tsallako mana katanga kullum. Ummussalma har kitso ta sake.

Amma guɗa abin minti ɗaya ce. A gidan biki sau nawa ake yin ta? In ta yi yawa sau goma. Jan-baki kuwa ba su da kunya, ka kore su yanzu, kafin ka sha ruwa sun dawo. Wata rana na ce bari in ƙirga, daga fitowar rana zuwa hantsi na wuce sittin na bari. Ga raɓar asuba a fadama, ga zafin rana mai soya ƙwai, ga hayaƙin injin ban-ruwa da ke gindin rumfar yana shiga mata hanci.

Rana ta shida na hau tsanin na miƙa mata ɗanwake, ta ce "sannu Larai" da wata murya kamar ta ƙato.

"Goggo, muryarki fa ta dishe."

"Ke rabu da ni, barci ne bai sake ta ba. Da na sha ruwan zafi za ta washe."

Ba ta washe ba. Mura ta kama ta, hanci ya toshe, kunnen hagu ya fara yi mata suka. A rana ta goma guɗar ta rabe biyu, ta fara da kyau, a tsakiya ta karye kamar zakaran da ke koyon cara. 'Yan kallo suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, amma na ga ta kai hannu wuya tana yamutsa fuska.

Da yamma na shiga gidan. Ummussalma tana gyaran kifi a tsakar gida.

"Ummussalma, ba ku ji yadda tsohuwar nan take magana ba?"

"Ai na faɗa mata, Yaya Larai. Ruwan randa take sha da sanyinsa. Kin san tsofaffi da taurin kai. Ga citta da kanumfari can na dafa mata."

"Citta ce za ta yi mata ihun? Ku bar ta ta huta mana."

"To ni mece ce tawa a ciki? Ni na kai ta? Kuma ai ba dole aka yi mata ba, da ƙafarta take hawa mashin. Gida ma zaman me take yi, in ba gyangyaɗi ba?"

Muna cikin haka Muttaka ya shigo yana sosa kunne da tsinkensa. Na juya kansa, don a gabana aka yi masa kaciya, ba na jin nauyinsa.

"Muttaka, ka ji tsoron Allah. Ƙanwar ubanka ce fa, ba ƙararrawa ba."

"Haba Yaya Larai! Kin san yadda ake sayar da mai kuwa? Kin san abin da na zuba a gonar nan? Ni kaina rabona da barcin kirki tun shuka, abinci in na ci ƙwannafi ya dawo mini da shi wuya. Kowa a gidan nan da irin tasa wahalar. Kuma don wa ake yi? Gadon Jannatu da katifarta da kwanukanta duk a cikin shinkafar nan suke. In jan-baki suka cinye, da me za a kai ta? Da guɗa?"

Goggo tana ɗaki tana jin mu. Ta ɗaga labule, ta ce da wannan muryar tata mai kama da jan buhu a ƙasa, "Larai, ƙyale shi. Saura kwana goma sha biyar a yanke shinkafar. Don Jannatu ne."

Nan ya samu abin riƙewa. Daga ranar duk wanda ya yi masa magana sai ya ce, "Ita da bakinta ta ce don Jannatu ne."

Ni ban haƙura ba. Ranar Juma'a da aka dawo da ita da wuri, na ja ta muka je kemis ɗin bakin titi. Mai kemis ya haska mata tocila a baki, ya girgiza kai. Ya ce maƙogwaron ya yi ja ya kumbura, wannan ba aikin ƙwaya ba ne, maganinsa na farko shiru. Ta kame bakinta mako biyu cur, ko raɗa kada ta yi, sannan a kai ta asibiti a duba. Na dawo na faɗa wa Muttaka kalma da kalma.

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Shiru! Mako biyu! To a je a faɗa wa jan-baki su ma su tafi hutu. Waɗannan 'yan kemis ai ba su taɓa riƙe fartanya ba. Asibiti kuwa kin san yadda yake, kati, gwaji, a rubuto maka takarda mai tsawon zani. A bari a yi girbi."

Ummussalma ce ta zo da dabarar da ta ƙarasa aikin. Ta ce ita ta gano matsalar: beli ne. Ɗan naman nan da ke reto can cikin baki, shi ne ya sauko ya danne muryar. Wata ƙanwar kakarta haka ta yi, ana cirewa ta warke garau. Muttaka ya ce Allah ya yi miki albarka, shi ya sa ake son mace mai tunani. Wanzami ai nasu ne, abin da za a ba shi bai kai kuɗin mota zuwa asibiti ba.

Kashegari sai ga Bakari wanzami da zabirarsa a kafaɗa, yana tafe yana taunar goro. Ya sa Goggo ta buɗe baki a rana, ya leƙa, ya yi salati.

"Ikon Allah! Wannan beli ai ya isa aure. Waye ya cire miki na jarirai?"

Goggo ta ce ita ina za ta sani.

"To ko waye, rabi ya cira, ya sake tofowa. Hajiya, kwana uku na ba ki. In na cire wannan, guɗar da za ki yi sai an ji ta a garin Miga."

Na ce, "Bakari, mai kemis fa cewa ya yi kumburi ne."

"Mai kemis shekararsa nawa? Ni kakana ya cire wa kakansa beli."

Aka yi dariya, har Goggo. Ta kalle ni ta ce a hankali, "In dai za ta dawo kafin bikin, a cire." Abin da ya zaunar da ita a kan turmi ke nan. Ummussalma ta riƙe mata kai, Bakari ya danne harshe da ɗan itace, ya zura ƙarfensa mai lanƙwasa. Ni dai na juya baya. Ban ji ihu ba, don babu muryar yin sa, sai ƙafarta da na ji tana shurin ƙasa. Ya ɗago ɗan naman a tafin hannu yana nuna wa kowa kamar wanda ya kamo kifi. Ta yi ta tofar da jini a kasko har la'asar.

Kwana biyu tana kwance da zazzaɓi, ko koko da ƙyar yake wucewa. A kwana biyun nan Muttaka ya yi ihu a gona har shi ma tasa muryar ta fara shaƙewa, jan-baki suka ci masa gefe guda. Rana ta uku da asuba na ji mashin.

Na fito da zani a ƙirji. "Muttaka! Ina za ka kai ta?"

"Kwana uku Bakari ya ce, yau uku. Ba wani aiki za ta yi ba, sau ɗaya sau biyu ne, don su san tana nan."

Ya ɗora ta a baya kamar buhun dusa, ta riƙe rigarsa. Ko kallona ba ta yi ba.

Ina fadama lokacin da abin ya faru. Wajen hantsi girgijen ya taso daga kacala, baƙi ƙirin. Goggo ta dafa sandar rumfa ta miƙe, ta dafe hanci. Sautin da ya fito gajere ne, ya tsage a tsakiya, sai tari. Ta sake gwadawa. Jijiyoyin wuyanta suka miƙe, bakinta a buɗe, amma iska kawai ke fita. Jan-baki suka sauka abinsu, wasu ma a kan rufin rumfar, dab da kanta. Na hau na same ta ta durƙusa, gefen mayafinta da jini. Ta kama hannuna tana motsa baki. Sai da na kara kunne na gane abin da take tambaya: wai kwana nawa ya rage bikin.

Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Kafin azahar ɗin ranar Muttaka ya ɗauko masu kora har mutum huɗu. Kuɗin da aka yi ta rantsuwa babu, sai ga shi ya fito, tunkiyar Ummussalma aka kai kasuwa aka dawo. Ashe da tunkiya a gidan tun farko! Kwana biyar suka yi aka yanke shinkafa. Ta yi albarka kuwa, buhuna har zaure. Muttaka ya yar da tsinken ashana, ya ce kunnensa ya daina ƙara. Aka sayo gado da katifa da kwanuka masu ruwan zinare, mata suna ta shigowa gani suna sa albarka. Goggo tana ɗaki, in tana son ruwa sai ta buga kofi a ƙofa.

Duk wanda ya tambaya, amsa a shirye take. Muttaka ya ce tsufa ne, dama murya ba ta dawwama. Ummussalma ta ce baki ne ya kama ta, mutane sun cika yabon guɗar. Bakari da na tare shi a hanya ya ce shi aikinsa ya yi kyau, ita ce ta karya doka ta sha iska.

Saura kwana tara biki Jannatu ta dawo daga makarantar horon malamai, ta gama jarrabawa. Ba wanda ya faɗa mata, in ta kira waya sai a ce Goggo tana barci ko ta fita barka. Ta shigo da gudu tana kiran "Goggona! Goggona!", ta faɗa jikinta tana cewa a ɗan ɗanɗana mata guɗar tata tun yanzu. Goggo ta yi murmushi, ta shafa kanta, ta motsa baki.

"Goggo, me kika ce? Goggo, yi magana mana!"

Ni na faɗa mata komai, a gaban yayanta da matarsa, ban rage ko ɗaya ba har da ɗanwakena. Yarinyar nan ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ta ce a mayar da gadon, ita a tabarma ma za ta kwana. Muttaka ya ce ta yi wa mutane shiru, ƙuruciya ke damunta, wata rana za ta gode masa.

Da safe ni da ita muka kai Goggo asibiti. Likita ya duba, sannan ya tambaya wane ne ya yi wannan yankan a kan kumburi. Ya ce wurin ya ruɓa, shi zai iya ba da maganin wannan. Amma muryar kanta an yi mata lahani can ciki inda take fitowa, sai an je Kano wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro an zura abin dubawa. Jannatu ta ce, muryar za ta dawo kafin kwana takwas? Ya dube ta ya ce, "'Yata, ki yi addu'a ta dawo ko bayan shekara."

Muttaka da ya ji zancen Kano ya ce in sha Allahu bayan biki, yanzu hidima ta yi yawa.

Biki kuwa an yi shi, na gani na faɗa. An yi kamu, an yi lalle, tukwane shida aka ɗora na shinkafar gonar nan, kowa yana cewa bai taɓa cin mai daɗinta ba. Ummussalma ta aika Jahun aka ɗauko wata mai guɗa, aka biya ta har da kuɗin mota. Ba laifi, tana da murya, ta yi ta yi tun safe. Goggo ta ci ado da atamfar anko, tana zaune a bakin ƙofarta tana yi wa kowa murmushi. Baƙi daga nesa da ba su sani ba suna ta tsokanarta, "Goggo, yau rowa ake mana? Ko sai an fito da amarya?" Sai ta gyaɗa kai.

Bayan la'asar motocin Kafin Hausa suka iso. Aka lulluɓe Jannatu, aka kamo ta, mata suka cika tsakar gida maƙil. Ta Jahun ta gyara tsayuwa ta kai hannu hanci. Daga cikin lulluɓi Jannatu ta ce, "A'a." Ta tsaya cak a bakin zaure, ta ce ƙafarta ba za ta tsallake dokin ƙofar nan da guɗar wata ba.

Aka fara lallashi. Ummussalma tana cewa haba Jannatu kada ki ba mu kunya gaban baƙi. Dangin ango suna duban juna. Sai na ga mata suna darewa. Goggo ce ta taso, tana takawa a hankali har ta zo gaban amarya. Ta gyara ɗaurin zani. Ta ɗaga kai, ta dafe hanci.

Gidan ya yi tsit, har masu kwasar tuwo suka tsaya. Muna kallon wuyanta yana rawa, kafaɗunta suna rawa, idonta a rufe hawaye na zuba. Ta ja guɗar da tsawo, yadda ta saba, har numfashinta ya ƙare. Abin da muka ji bai wuce hucin iska ba.

Jannatu ta yaye lulluɓin, abin da amarya ba ta yi, ta rungume ta.

"Na ji, Goggo. Wallahi na ji."

Sannan ta juya ta fita. Ba wadda ta ƙara yin guɗa a gidan nan, ta Jahun ma jakarta ta ɗauka ta bi ta gefe. Haka aka sa amarya a mota shiru kamar ana fitar da mara lafiya.

Ku da kuke da tsoho ko tsohuwa a gida, ku ji ni da kyau. Babu gaskiya ce, tsada gaskiya ce, ni ma a cikinta nake kwana nake tashi. Amma in wahala ta shigo gida ba a kan kowa take sauka daidai ba, wanda ba zai iya cewa a'a ba shi ake miƙa mata. Muttaka bai zagi Goggo ba, bai doke ta ba, kullum da "sannu Goggo" a bakinsa. Da sannun nan ya hau da ita rumfa, ya tausaya wa tunkiya.

Da motoci suka tafi, mutane suka watse, na zauna kusa da ita a bakin ƙofarta. Sai ga Muttaka ya shigo cikin babbar riga, fuska fal annuri, da faranti a hannu, shinkafa ya tula har da cinyar kaza a sama. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Goggo, an gama lafiya, alhamdu lillahi. Ci ki ji, guminki ne."

Ta dubi farantin. Ta ɗebi 'yar kaɗan da yatsu uku ta kai baki, ta tauna, ta tauna, ta yi ƙoƙarin haɗiyewa. Na ga ta runtse ido ta dafe wuya. Ta juya gefe ta mayar da ita a tafin hannu, ta tura masa farantin, ta yi mini alama in miƙo mata kofin kokonta.